Kifin Amana da Naman Suna

Ni kaɗai ce mace a ƙungiyarmu ta masu kiwon kifin ado a Minna, kuma ni ce na fi kowa baki, wannan ko su ba za su musa ba. Ba kifin miya muke kiwo ba, na kallo ne, a tankin gilashi a falo. In ka faɗa wa mutum haka sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "To in ya girma fa?" In ya girma sai mu ci gaba da kallonsa, malam, ina ruwanka?

Ranar Asabar da yamma muke haɗuwa a ƙofar shagon mutumin da muke kira Oga, wanda a wurinsa kowannenmu ya sayi kifinsa na farko. Benci biyu ne, a kai za ka tarar da malamin makaranta da mai walda da ma'aikatan sakatariya, Musulmi da Kirista, ana tafka musu a kan ruwa kamar ana rabon gado. Sauran kwanakin mako a guruf ɗin waya ake ƙarasa musun. Abin da babu a shagon Oga kuwa sai mu haɗa odarsa ta intanet daga Legas, a sako mana a mota, mu zauna zaman jiran kiran direba. Oga ba ya son wannan oda ko kaɗan. Yakan ce mu yi ta saye a waya, ranar da kifi ya kwanta ciwo ma wayar ce za ta zo ta duba mana shi.

Dattijon ƙungiyar shi ne Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, asalinsa mutumin Paiko. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna Kaduna. Hausarsa irin ta tsofaffin garin nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Kifinsa ɗaya tak, irin wanda ake kira oska. Ya saye shi yana ɗan mitsitsi, baƙi, bai fi ɗan yatsa ba, daidai lokacin da yanar ido ta fara rufe masa gani. Kifi na girma, ido na dushewa. Kafin kifin ya cika ya fito da launinsa, Baba ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Da lalube yake ciyar da shi, ya tsoma yatsu a ruwa kifin ya zo ya karɓa. Mu ne idanunsa. In mun je gaishe shi mu ce, Baba, ja ya fito masa a ciki, ja ya haura gadon baya, ga wani zobe a gindin wutsiya. Sai ya yi dariya ya ce cika baki muke yi don mu faranta masa rai.

Da 'ya'yansa suka matsa ya je a yi masa aikin ido, sai maganar ajiya ta taso. Al'adarmu ce a ƙungiya, in tafiya ta kama mutum a duba wanda ke da fili a tanki ya karɓi kifinsa. Ni ce mai babban tanki babu komai a ciki, don cikina ya tsufa na rabar da nawa kifayen in huta. Ni ce kuma mai 'yar sola da ke riƙe famfon da ke hura wa kifi iska in an ɗauke wuta, a unguwarmu Shango kuwa ɗauke wuta ba labari ba ne. A lissafina haihuwa da saura, Baba zai je ya dawo ban ko fara haɗa kayan asibiti ba. Na ce a kawo.

Shi da Oga suka kawo shi a keke napep, cikin baho an rufe da jiƙaƙƙen tawul. Baba ya tsaya a gaban tankina yana shafa gilashi har aka juye kifin. Ya miƙo mini gwangwanin abincinsa, ya kafa mini doka: 'yan ƙwayoyi da safe, 'yan ƙwayoyi da yamma, ranar Lahadi kada a ba shi komai don cikinsa ya huta.

"Ka riƙe mini shi, 'yata," in ji shi. "'Ya'yana na san fuskarsu tun suna cikin tsumma. In an buɗe mini ido, wannan ja da kuke ta faɗa nake so in gani."

Na ce, "Baba, in sha Allahu yadda ka bar shi haka za ka same shi." Da ƙarfin gwiwa na faɗa, don kifin wani bai taɓa mutuwa a hannuna ba, kuma ina yawan tuna wa mazan ƙungiya hakan.

Sai lissafi ya rushe ta gefe biyu. A Kaduna likita ya ce jinin Baba ya hau, sai ya sauka za a taɓa ido. A Minna kuma naƙuda ta zo mini ba sallama, na haifi 'ya mace. Washegari Goggo ta iso daga Wushishi da ƙullin kanwa da kayan yaji, ta zo yi mini wankan jego.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma har yau in ta ce zauna, ƙafafuna ke bin umarni kafin in yi tunani. Ta shigo falo ta yi turus a gaban tanki.

"Wannan kuma na miyar suna ne?"

Na yi mata bayani. Ta taɓe baki ta ce duniya ta zo ƙarshe, yau kifi ake ba masauki a falo. Amma oska shegen wayo gare shi. Duk wanda ya gifta sai ya biyo shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana kaɗa jiki yana buɗe baki kamar bai taɓa cin abinci ba. Ba a jima ba Goggo ta mayar da tabarmarta gaban tanki. Nan take jan carbi, nan take tsince shinkafa, ina daga ɗaki ina jin ta tana yi masa hira.

"Ke 'yar nan, wannan bawan Allah yunwa yake ji."

"Goggo, halinsa ne roƙo. Ko yanzu ya ci sai ya roƙa."

Ranar Lahadi da ta ga har azahar ba a ba shi komai ba, ta tambaya, na faɗa mata dokar Baba. Ta ajiye carbi.

"Kifi da azumi? Ki ji tsoron Allah. Kun kulle shi a kwalba, ba ku sake shi ya nemi nasa ba, ba ku ƙosar da shi ba. Ranar gobe me za ki ce?"

Na ce amana aka ba ni, yadda mai abu ya ce haka zan yi. Na ɗauka maganar ta mutu, ashe kwanciya ta yi.

Ranar suna na zama 'yar sanda a gidana. Ga lalle a hannu, ga jaririya a kafaɗa, ina zarya tsakanin ɗaki da falo. Na hana a shigo da kaskon turaren wuta, don famfon iska hayaƙin ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Na ɓoye kwalbar fiya-fiyar sauro a ƙarƙashin gado. Na kori yara masu ƙwanƙwasa gilashi, na fizge cajar wata daga dangin miji da ta zare famfon za ta sa wayarta. An yi gulmata ranar, da kunnena na ji, wai maijego ta fifita kifi a kan baƙinta. Ko a jikina. Taro ya watse, kifi na nan garau yana roƙonsa, na yi hamdala na zube a gado.

Washegari aka yi suyar ragon suna. Wannan fagen Goggo ne, ba mai sa mata hannu. Ita ke yanka, ita ke soyawa, ita ke kasawa, kuma tun ina yarinya dokarta ɗaya ce: duk mai rai da ke gida, da wanda ya raɓi gida, sai ya ɗanɗana naman suna, don da bakin jama'a ake sa wa yaro albarka. Maƙwabta sun samu, mai gadin layi ya samu, mai wanki ya samu, har kyanwar gidan baya an jefa mata nata. Ni ina ɗaki ina fama da yarinya da ta ƙi kama nono sosai, ga zafin bazara mai dafa mutum a tsaye. A kwanakin nan maigidana ke zuba wa kifin abinci a gurguje kafin ya kama motar Paiko inda yake koyarwa. Ni leƙe kawai nake yi in wuce.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan na fito daga wanka, na ratsa falo kifin bai biyo ni ba. Na dawo da baya. Yana can sama, bakinsa a saman ruwa, yana haki. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, maiƙo na ƙyalli a kansa. Da na ɗaga murfi wani wari ya buge ni.

Na ɗauki bidiyo na tura guruf. Ai kuwa kamar an watsa wa kaji tsaba. Wannan ya ce gishiri, wancan ya ce kada a kuskura a sa gishiri, wani ya ce filtar tace ruwa ce ta mutu, wani ya turo hoton maganin da sai a Legas. Oga ne ya kira.

"Madam, me kika ba shi?"

"Abin da Baba ya bari."

"Maiƙo ba ya faɗowa daga sama. Ki sa raga ki duba bayan duwatsu."

Na sa 'yar ragar kamun kifi na laluba. Abin da ya fara fitowa tsokar nama ce, ta kumbura ta yi fari, har da sauran yaji a jikinta. Na sake lalubawa, wata ta fito, sai guntun kitse, sai wani abu da ya riga ya narke ba a gane shi. Na ƙwala wa Goggo kira.

Goggo ta shigo tana goge hannu da gefen zani. Ta dubi ragar, ko gezau.

"Ni ce. Baƙo ne a gidan nan, ya za a yi a raba nama a tsallake shi? Har hanta na ba shi, a hannuna ya karɓa. Jiya ya ci, shekaranjiya ma ya ci."

Wallahi ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce wa ya aike ta, na ce kifin mutane ne, na ce makaho ya bar mini amana ta zo za ta kashe. Jaririya ta firgita ta fasa kuka a ɗaki. Goggo ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba, ta wuce ta ɗauki yarinyar. Raina a ɓace yake ƙwarai, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Magani ɗaya ne, a canza ruwa, kuma ba da kowane ruwa ba. Na famfo akwai maganin da ake zuba masa saboda mutane, shi kuwa kifi ƙona masa wurin numfashi yake yi. Na 'yan ga-ruwa ma ba ka san inda suka ɗebo ba. Shi ya sa kowannenmu ke da duro a bayan gida, a tara ruwa a bar shi ya kwana biyu maganin ya fita. Na zagaya baya na ɗaga murfin durona. Wayam, sai ɗan laka a gindi.

Ta taga Goggo ta ba ni amsar tambayar da ban yi ba. "Ruwan da kike wanka da shi safe da yamma, daga sama kike zaton yake zuwa?"

Ni da kaina na ƙarar da ruwan kifin a jikina, tukunya bayan tukunya, da ganyen darbejiya.

Akwai wani magani na ɗigawa da ke gyara ruwan famfo nan take. Nawa ya ƙare, na shagon Oga ya ƙare, odar da ƙungiya ta haɗa kuwa tana hanya tun makon jiya. Na kira mai sayarwar a Legas, ya ce an tura, a yi haƙuri. Na kira direba, wayar ta yi ta ƙara, da ya ga dama ya ɗauka ya ce mota ta lalace musu wajen Mokwa, suna jiran makaniki. Na ce sai yaushe, ya ce sai yadda Allah Ya yi, ya kashe.

Ina riƙe da wayar ta sake ƙara. 'Yar Baba ce daga Kaduna, cike da murna. An yi aiki, an cire bandeji, Baba yana gani! Har ya karanta lambar motar da ke ƙofar asibiti. Asabar za su taso. Ta ce ga shi.

"'Yata, na ji ka sauka lafiya, Allah Ya raya. Yaya mutumina?"

Na dubi tanki. Kifin ya karkata gefe ɗaya, ya daidaita da ƙyar.

"Yana nan, Baba."

'Yarsa ta ce ko in ɗauko shi a bidiyo in turo. Baba ya ce a'a, shi bai sha wuƙar likita don ya kalli hoto ba, ido da ido yake so. Na yi musu fatan isowa lafiya, na ajiye wayar a kan kujera.

Na koma guruf na rubuta musu gaskiya ba kwana-kwana: Baba na gani, Asabar yana tafe, kifinsa na mutuwa, ba ni da ruwa. Mazan nan da nake yi wa tsiya kullum, Allah Ya saka musu da alheri. Kafin la'asar ƙofar gidana ta cika da jarkoki. Mai walda ya rufe shagonsa ya ɗauro biyu a bayan mashin, malamin makaranta ya aiko da na rijiyarsu, wani da ko gaisawa ba mu cika yi ba ya juye duronsa kaf ya kawo. Oga ya yi sallama ya shigo falo da tiyo, ya kwashe duwatsu, ya zuƙe ƙazantar gindi, ya riƙa rage ruwa yana ƙara sabo kaɗan-kaɗan, don canji na gaggawa ma kisa ne. Na sunkuya zan ɗauki bokitin ruwan datti, sai na ji an riƙe mini hannu.

"Ɗanyen jiki gare ki," in ji Goggo. Maganarta ta farko ke nan tun ta bakin taga. Ita ta yi ta jidar bokitan zuwa waje, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba wanda ya sa ta, ba ta kuma bari kowa ya karɓe ta ba.

Wajen magariba ruwa ya washe, kifin ya bar haki ya sauka ƙasa. Har na fara murmushi. Oga ya tsuguna ya nuna mini cikinsa, ya kumbura ya yi tam.

"Ruwa mun gyara, Madam. Abin da ke cikin nan kuwa ba mu da hannun da zai kai. Kitsen rago ba ya narkewa a cikin kifi. Kada a ba shi komai, a yi addu'a."

Juma'a ta yi mini tsawo. Na kawo kujera gaban tanki, nan nake shayarwa, idona a kan kunnen kifin da ke buɗewa yana rufewa. In ya jinkirta sai nawa numfashin ya tsaya. In ya motsa wutsiya in tura wa guruf, kowa ya turo irin tasa addu'ar. Jan nan yana nan a jikinsa, har ya fi kyau a sabon ruwa. Ni kuwa ba shekara nake roƙon Allah ba. Ya dai kai gobe da yamma, Baba ya gan shi yana motsi, in ya so daga nan duk abin da zai faru ya faru.

Goggo ta ɗauke tabarmarta ta mayar tsakar gida. Takan kawo mini kunun kanwa ta ajiye ta juya, ba ta kallon tanki, ba ta kallona. Maigidana ya dawo ya ga gidan kamar gidan makoki, ya ce in ba ta haƙuri, uwa ce. Na ce zan ba ta, amma ba yau ba, yau zuciyata ba ta da fili. Sau ɗaya ta yi magana daga bakin ƙofa, wai in na sa damuwa a rai nono zai ƙafe. Na ce to.

Asabar da safe yana nan da rai. Na shiga wanka. Goggo ta gama watsa mini ruwan zafi ta riga ni fita, na tsaya shafa mai. Da na fito falo na tarar da ita durƙushe a gaban tanki, tafin hannunta a jikin gilashi. Kifin yana kwance a gefensa, kumfar famfo na kaɗa shi a hankali. Na tsaya ina jiran kunnen ya buɗe. Bai buɗe ba.

"Inna lillahi," in ji Goggo, can ƙasa-ƙasa. Saƙon 'yar Baba kuwa ya riga ya shigo wayata, sun taso.

Kuka ya zo mini, amma babu lokacinsa. Duk mai kiwon kifi ya sani, in rai ya fita launi ke bin bayansa, a wannan zafin kuwa ba ya jira. Abin da ya rage a hannuna shi ne jan, ko a mace ne Baba ya gan shi. Sai ƙanƙara. Unguwarmu an kwana biyu babu wuta, firjina ya zama kabad, solata ba ta ɗaukar komai sai famfo da ƙwan fitila. Maigidana ya fita nema cikin gari. Ina ta kiran waya ina tambayar wa ke da ƙanƙara, ban ankara ba Goggo ta yafa mayafi ta fice, matar da ko layin bayanmu ba ta sani ba. Ta daɗe har na fara tsorata. Ta dawo gumi sharkaf, rungume da leda cike da fiya wata masu ƙanƙara, rabinsu sun narke. Ban tambaye ta inda ta kai ba, ita ma ba ta faɗa ba. Muka jera su a kula, ta tsamo kifin da hannu biyu ta kwantar a kai.

Maigidana da Oga suka iso da 'yar wata ƙanƙarar. A guruf wani ya kawo shawara, wai akwai mai oska kusan girman wannan a Suleja, a ce wa Baba kifinsa yana shago ana yi masa magani, kafin gobe an kawo wancan, ai dama bai taɓa ganin nasa ba. Na karanta na sake karantawa, zuciyata har ta ɗan saurara. Sai na rubuta: mutumin da aka buɗe wa ido shekaranjiya, ƙarya za mu fara nuna masa? Nan aka bar maganar Suleja.

Na sanar da 'yarsa abin da ya faru. Ta ce don Allah kada a faɗa masa a hanya saboda jininsa, kuma ya riga ya kafe daga tasha gidana zai wuce, ko nasa gidan ba zai leƙa ba.

Ban taɓa ganin wuni mai nauyi irin wannan ba. Bini-bini in ɗaga murfin kula, Oga ya ce in bari, sanyin nake fitarwa. In bari, in kasa, in sake ɗagawa. Da azahar jan ya koma ruwan goro. Na ce wa kaina har yanzu ana ganewa. Ana cikin haka direban Legas ya kira, wai saƙo ya iso tasha a zo a karɓa. Na ce ya jiƙa ya sha. Su Baba kuma hanya ta riƙe su, wata tirela ta faɗi ta tare titi. Kafin la'asar ƙanƙara ta zama ruwa, kifin ya yi toka-toka, inda jan yake sai wani dishi-dishi kamar atamfar da ta sha wanki.

Rana ta yi sanyi na ji tsayawar keke napep. Baba ya shigo da baƙin tabarau, 'yarsa a bayansa, bai dafa kafaɗar kowa ba. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya taka dokin ƙofa bai laluba ba. Ya tsaya ya ƙare mini kallo yana dariya.

"Ashe kai gajere ne haka? Da jin bakinka na ɗauka ka kai ƙofa tsawo."

Na so in yi dariya, fuskata ta ƙi. Ya juya wajen tanki da kansa, ƙarar famfo ta nuna masa. Ruwa garau, kumfa na tashi, babu komai a ciki. Ya matsa kusa, ya leƙa wannan kusurwa, ya leƙa waccan. Dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

Goggo ce ta shigo da faranti a hannu, an rufe shi da farin ƙyalle. Ta durƙusa a gabansa, ita da in ba ta girme shi ba to sa'arsa ce, ta ajiye.

"Malam, ni ce. Naman suna na ba shi, ban san yana kisa ba. Yarinyar nan ba ta da laifi. Yau da safe ya cika."

Baba ya dubi farantin. Ya nemi kujera ya zauna, ya ɗaga ƙyallen. Ya kai hannu ga tabarau, 'yarsa ta ce likita ya hana, ya cire abinsa. Idon jajir, yana ƙifta shi da ƙyar saboda haske. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya bi gadon bayan kifin tun daga kai har wutsiya.

"Ya yi girma," in ji shi. Ya ɗauki farantin ya karkata shi wajen taga. "To ina jan?"

Ni da Oga muka dubi juna. Hawaye ya riga ya wanke mini fuska. Goggo ta matso da gwiwa. Ta ɗora ɗan yatsanta mai lalle a ƙarƙashin haɓar kifin.

"Daga nan yake tasowa," ta ce. "Ya bi ta ciki haka, ya rarrabu, wani ya haura nan, wani ya tsaya nan. Na nan ya fi ja, kamar manja. In hantsi ya bugi gilashi ya juyo, duk gefen nan sai ya kama. Akwai ɗan ɗigo nan kusa da ido. Nan kuma zobe ne, baƙi a tsakiya, jan ya kewaye shi."

Ban san ta kalle shi haka ba. Baba yana bin yatsanta da sabon idonsa, a kan fatar da babu komai a kanta sai toka-toka. Da ta kai wutsiya ta janye hannu.

Baba ya kai bayan hannu zai share ido, 'yarsa ta ce kada ya murza, ya bar hawayen ya zubo. Ya gyara zama, ya ɗora farantin a kan cinyarsa.

"Mama, ka yi sauri da yawa," ya ce. "Koma daga farko."

Goggo ta mayar da yatsanta ƙarƙashin haɓar.